Hannun Ralph Mooney a kan jita mai feda, da waƙoƙin da ya rubuta

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu zauna a kan Ralph Mooney, don a ganina ba a ba shi haƙƙinsa idan ana lissafa gwanayen jita mai feda a kiɗan kantiri na Amurka, wato jitar da ake kaɗawa a kwance, ana jan ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, feda kuma tana canja sautinsu. Da an taɓo zancen sai a ce Buddy Emmons, sai Jimmy Day, sai Lloyd Green, duk mutanen Nashville. Shi kuwa Mooney ɗan garin Duncan ne a jihar Oklahoma, an haife shi a 1928, ya koma Kalifoniya tun yana yaro, can ya yi suna. Shi ne a faya-fayan Wynn Stewart, shi ne a faya-fayan farko na Buck Owens a kamfanin Capitol, shi ne a na Merle Haggard na tsakiyar shekarun 1960. Daga 1970 ya bi Waylon Jennings, suka yi kusan shekara 20 tare. Ya rasu a Texas a 2011. Wato abin da ake kira kiɗan Bakersfield, salon kantiri na wannan gari na Kalifoniya, rabinsa hannun mutumin nan ne.

Abin da nake so mu tantance shi ne: me ya sa daga bugu biyu ko uku za ka gane shi ne? Ni dai na ce feda a wurinsa abin kiɗa ce, kamar ganga. Mutanen Nashville suna taka ta a hankali don sauti ya narke cikin ɗan'uwansa. Shi yana taka ta da sauri, ya saki da sauri, daidai kan bugun kiɗa. Kuma shi ne ya rubuta "Crazy Arms" tare da Chuck Seals, wannan ma ina so mu taɓa.

Zainab:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, a shimfiɗa mana saitin da za a riƙa magana a kai, don akwai sababbin shiga. Idan an ce feda A ko tsirkiya ta 3 a san abin da ake nufi.

Sani Mai Jita:
To, ga shi. Saitin E9 ne, tsirkiya 10. Ana ƙirgawa daga wadda ta fi nisa da jikin mai kiɗa: ta 1 F#, ta 2 D#, ta 3 G#, ta 4 E, ta 5 B, ta 6 G#, ta 7 F#, ta 8 E, ta 9 D, ta 10 B. Ta 1 da ta 2 ba sa bin jeri, duk da suna bakin waje ta 3 ta fi su tsini. Emmons ne ya ƙara su.

Feda A tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, mataki guda. Feda B tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, rabin mataki. Feda C tana ɗaga ta 4 daga E zuwa F#, ta kuma ɗaga ta 5 zuwa C#. Sai liban gwiwa, wato sandunan da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin jitar: ɗaya yana ɗaga ta 4 da ta 8 zuwa F, ɗaya yana sauke su zuwa D#. Akwai wasu, amma waɗannan biyun sun ishe mu a nan.

Idan waƙa tana kan G: ɗora ƙarfen hannu a layi na 3, cikin layukan da aka zana a wuyan jitar, ba feda, G ne. Taka A da B tare a wurin, ya zama C. Matsa layi na 5 da fedar a ƙasa, D ne. Haka kuma layi na 10 da A da B a ƙasa G ne, layi na 6 da A da liban F shi ma G ne. Gida uku ke nan na haɗin sauti ɗaya. Tsirkiyoyin da ake kamawa uku-uku su ne 3-4-5, 4-5-6, 5-6-8, 6-8-10.

A tuna cewa saitin jitar Mooney ba wannan ba ne daidai. Yana da nasa tsarin. Abin da muke yi shi ne neman sautinsa a kan jitar da kowa yake da ita yau. Amma tsirkiya ta 3 ɗin nan, G# ta sama da ake ɗagawa zuwa A, shi ake dangantawa da shigo da ita cikin saitin. Duk wanda ya taka feda B ya ji wannan kukan na sama yana cin gajiyar Mooney.

Injiniya Bala:
Malam Habu, ranka ya daɗe, ban ƙi maganar ƙafa ba, amma kada a raina kayan aiki. Sautin da kuke ji a faya-fayan Buck Owens na 1959 da 1960, irin su "Under Your Spell Again" da "Above and Beyond", da na Haggard na 1966, "Swinging Doors" da "The Bottle Let Me Down", sauti ne na Kalifoniya, ƙasar kamfanin jita na Fender. Jitar Fender 1000 wuya biyu gare ta, kowane wuya tsirkiya 8, kuma fedarta da waya take ja, ba da rodi ba. Maɗaukin sautinta, wato abin da yake ɗaukar girgizar tsirkiya ya kai amfilifaya, ba a naɗa masa waya da yawa ba idan aka kwatanta da na yau, waɗanda suke kai ohm dubu 17 zuwa 20. Ƙarancin naɗi yana ba da sauti siriri mai kaifi, tsakiyarsa ba nauyi. Ka haɗa wannan da amfilifaya ta Fender mai kwalabe, ka samu wannan tsinin da yake huda rediyon mota. Wanda ya ɗauki jitar zamani mai kaurin murya ya ce zai fitar da wannan da ƙafa kawai, zai sha wahala.

Malam Habu:
Injiniya, gaskiyarka ta tsaya a shekarun Capitol. To amma saurari "Waylon Live", wanda aka ɗauka a Texas a 1974 aka fitar a 1976. Lokacin ya bar Fender, kaurin sautin ya canja, amma ba wanda zai ce wani ne daban ke kaɗawa. Ko buɗewar "Rainy Day Woman". Abin da bai canja ba shi ne yadda yake fara sauti da yadda yake yanke shi. Wannan ba a sayensa a shago.

Injiniya Bala:
Na yarda da rabi. Launin sauti na kaya ne, siffarsa ta hannu ce. Ga abin da mai jitar zamani zai yi ya matso kusa: ya bugi tsirkiya kusa da maɗaukin sauti, kamar inci 2 zuwa 3 daga na'urar canji, wato ƙarfen gefen dama da feda take jan tsirkiya da shi, ba can tsakiya ba inda sauti yake laushi. Ya rage bes a amfilifaya, ya ɗan ƙara tsini, amsa-kuwwa kuma kaɗan, kada ta wuce 2 ko 3 a ma'aunin 10. Amsa-kuwwa mai yawa tana cike gurbin da ke tsakanin sauti da sauti, kuma wannan gurbin shi ne Mooney.

Hajiya Rabi:
Bari in shigar da abin da za a iya gwadawa yau da daddare, don zancen bai da amfani idan bai sauka a yatsa ba.

Na farko, bugun feda A. Je layi na 10, taka B ka riƙe ta da gefen ƙafa, A kuma tana sama. Bugi ta 4 da ta 5 tare: ta 4 tana ba da D, ta 5 tana ba da A. Nan take ka karkata ƙafa ka taka A, ta 5 ta hau B, D tana nan ba ta motsa ba. Wannan kowa ya iya. Inda ake rabuwa shi ne lokaci. Mai koyo yana ɗaukar bugu guda cur kafin fedar ta kai ƙasa. A salon Mooney tafiyar fedar ba ta kai rabin bugu ba, ta isa ƙasa ta tsaya cak, sannan a kashe tsirkiyar da gefen tafin dama kafin bugu na gaba. Sai a bi da ta 3 ita kaɗai, G ce a wurin. Fara da na'urar ƙirga bugu a 80 cikin minti, kada a ƙara sai an yi sau 20 a jere ba tangarɗa, sannan a ƙara 5-5 har 120.

Abin da yake lalacewa a nan guda biyu ne. Idan aka karkata ƙafa kan A, feda B tana ɗan tashi ba a sani ba, sai ta 3 ta fito ƙasa da G, tsami-tsami. Maganinsa a daidaita tsawon rodin feda ta yadda idan A da B suna ƙasa za su yi daidai da tafin takalmi, wanda yawanci yake nufin A ta ɗan fi B tudu idan suna sake. Na biyu, diddige yana barin ƙasa. Diddige shi ne madogara, idan ya tashi gaba ɗaya ƙafar ce ke aiki daga cinya, kuma cinya ba ta da saurin idon sawu.

Darasi na biyu, hawan tsirkiya ta 3 da ta 4 da feda B da C. A kan G: layi na 3 ba feda, layi na 3 da B da C, layi na 5 da B da C, layi na 8 ba feda, layi na 10 ba feda, layi na 10 da B da C, layi na 12 da B da C, layi na 15 ba feda. Sauti takwas na G ke nan, bibbiyu. Kada a taɓa ta 5 a nan, don feda C tana jan ta ita ma. Wannan ɗagin na E zuwa F# a saman jita yana cikin abubuwan da kunne yake ganewa da Mooney, musamman idan an buga shi a tsirkiya ɗaya an sake shi da sauri.

Ɗanlami:
Hajiya, Allah ya saka. Tambaya: fedar ƙara fa? A darussa da yawa ana cewa a bugi tsirkiya da ƙara a ƙasa sannan a ɗaga, don kada a ji farcen da ake sawa a yatsa a bugi tsirkiya.

Hajiya Rabi:
Ɗana, wannan shi ne babban abin da zai raba ka da sautin da kake nema. Ɓoye bugun farce salon waƙoƙin sanyi ne, kuma ko a can ba a so ya zama ɗabi'a. Mooney ya shahara da sa ƙafa biyu a kan fedojin jita, wato sau da yawa ƙafar dama ba ta kan fedar ƙara ma sam. Ka ajiye ta a kusan rabi, ka ɗauke ƙafarka, ka bar yatsa ya yi ƙarfi da laushi. Za ka ji duk kurakuranka a fili, kuma abin da ake so ke nan. In ka dawo da ƙafar daga baya, aikinta ɗaya ne: idan sauti ya fara mutuwa ka ɗan ƙara don ya daɗe.

Farcen ƙarfe biyu, a manuniya da ta tsakiya, da na roba a babban yatsa. A lanƙwasa na ƙarfen su bi siffar kan yatsa, bakinsu ya sauka a kan tsirkiya a shimfiɗe. Idan gefe ne yake taɓawa za ka ji ƙaiƙayi kafin sauti.

Malam Isufu:
Salamu alaikum. Ni ɓangaren rubutu nake jira, kuma ina da ja. Ana kiran Mooney marubucin waƙa, amma idan aka cire "Crazy Arms" me ya rage? Kuma waƙar da muka sani, Ray Price ne ya mai da ita abin da ta zama a 1956. Mako 20 ta yi a saman jadawalin kantiri na Billboard, a shekarar da Elvis Presley yake kwashe matasa. Abin da ya riƙe ta a can shi ne tsarin kiɗan: bes yana tafiya sau huɗu a kowane zango maimakon sau biyu da aka saba, kiɗan yana ɗingisawa, ga gogen Turawa na Tommy Jackson yana jan tsirkiya ɗaya. Wannan tafiyar har yau da sunan Ray Price ake kiranta. A Nashville aka ɗauki faifan, Mooney ba ya ciki. To ina rabon marubuci?

Malam Habu:
Malam Isufu, tambayar tana da kyau, amma duba abin da ya faru da waƙar bayan ta bar hannun Price. A wannan shekarar ta 1956 Jerry Lee Lewis ya yi ta a kamfanin Sun, ita ce faifansa na farko, da fiyano da ganga, ba goge, ba wannan tafiyar bes ɗin. Ta tsaya. Patsy Cline ta yi ta, ta tsaya. Waƙar da kwalliyar kiɗa ce kawai take riƙe da ita ba ta jure a tuɓe mata kaya haka.

Kuma ka duba gininta. Haɗin sauti uku ne, na 1 da na 4 da na 5, sai na 1 da ake ƙara wa sauti na bakwai kafin a faɗa na 4. Muryar tana da dogayen sautuka da ake riƙewa, kuma tsakanin jimla da jimla akwai fili. Wannan rubutun mai jita ne, wanda ya san cewa bayan mawaƙi ya yi shiru akwai mai amsawa. Ma'anar kuma abu ɗaya ce tak: hankali ya san an rabu, jiki bai yarda ba. Ba a ƙara labari na biyu ba, ba a kawo wa'azi ba. Yadda yake yanke sauti a jita haka ya yanke magana.

Sani Mai Jita:
Ga yadda wannan juyin yake a hannu, don a ga cewa waƙar tana kwance a kan jitar. A kan G: kana layi na 10 da A da B a ƙasa, kama 4-5-6. Ja ƙarfe baya zuwa layi na 8, saki A, riƙe B, tura liban da ke sauke E. Ta 4 ta ba da B, ta 5 ta ba da G, ta 6 ta ba da F. G mai bakwai ke nan. Ba tare da ka motsa ƙarfe ba, saki feda da liba lokaci guda: ta 4 ta hau C, ta 6 ta sauka E, ta 5 tana nan a G. Ka shiga C. Sauti ɗaya ya hau rabin mataki, ɗaya ya sauka rabin mataki, na tsakiya bai motsa ba. Idan gwiwa ta riga ƙafa saki, za a ji wani haɗi na daban a tsakani, don haka a yi ta maimaitawa a hankali har su saki tare. Wanda ba shi da liban zai iya samun G mai bakwai a layi na 3 ta hanyar ƙara tsirkiya ta 9.

Malam Isufu:
Na karɓi maganar gini. Amma har yanzu waƙa ɗaya ce, kuma su biyu suka rubuta.

Zainab:
Ba ɗaya ba ce, Malam. "Foolin'" da Johnny Rodriguez ya yi a 1983 Mooney ne ya rubuta, kuma ta shiga goman farko. A faifan Marty Stuart mai suna "Ghost Train" na 2010, wanda aka ɗauka a situdiyon RCA B a Nashville, akwai waƙar da suka rubuta tare da Stuart, kuma a can ya kaɗa "Crazy Arms" da jita zalla yana da shekara sama da 80. Ban ce ya kai Harlan Howard, shahararren marubucin waƙoƙin kantiri, yawan waƙoƙi ba, ba sana'arsa ba ce ta yau da kullum. Amma ni ina ƙirga buɗewar waƙa a cikin rubutu. Zango huɗun da yake buɗe waƙar Haggard da su, mutane suna rera su da baki kamar baiti. Sunansa ba ya cikin marubuta a jikin faifan, an biya shi kuɗin zama na situdiyo ne kawai, amma duk ƙungiyar da za ta yi waƙar a mashaya a Texas dole mai jitarta ya kaɗa wannan buɗewar yadda take, in ba haka ba masu rawa za su ce ba ita ba ce.

Malam Isufu:
Wannan hujjar ta fi ƙarfi. A kan buɗewa na sallama. A kan kiransa marubuci a sahun farko ina nan inda nake.

Ɗanlami:
Iyayena, wata matsala. Duk wanda ya dage da bugun feda B irin wannan, tsirkiya ta 3 ba ta daɗewa. Me ke jawo haka, kuma akwai dabara?

Injiniya Bala:
Lissafi ne. Kaurinta 0.011 na inci, tsawon wuyan jita inci 24 ko 24 da kwata, kuma ana jan ta daga G# zuwa A mai girgiza 440 a daƙiƙa. Tana dab da iyakar abin da ƙarfen zai ɗauka. Kuma ba ja ne kaɗai ke kashe ta ba, lanƙwasa ce: duk takun feda, yatsan na'urar canji yana juyawa, tsirkiyar tana lanƙwashewa tana miƙewa a wuri ɗaya. Shi ya sa kusan kullum a can take tsinkewa.

Abin yi: idan ta tsinke, shafa farce a kan yatsan canjin. In ka ji ƙaramin rami ko kaifi, goge shi da takardar yashi mafi laushi, mai lamba 1500 ko 2000, kana bin zagayen yatsan, kada ka tsaya wuri ɗaya ka yi masa fili, don fili yana jawo zizar sauti. Sabuwar tsirkiya a ba ta naɗi 5 zuwa 6 a kan maɗauri, naɗin ya wuce ramin. Kada a kai ta G# kai tsaye. A tsaya a F#, a taka feda sau da yawa, a hau G, a sake takawa, sannan G#. Wasu suna sa 0.0115 ko 0.012 don kaurin sauti, amma sai an sake saita notin roba da ake daidaita sautin feda da shi, don tsirkiya mai kauri ba ta buƙatar tafiya mai yawa kafin ta kai A. Mai kaɗawa kullum ya canja ta 3 da ta 5 kafin su tsinke. In tsirkiya ta fara ƙin tsayawa a saiti ko ta fara ziza, ta kusa.

Sauran kaurin da aka saba: ta 1 0.013, ta 2 0.015, sannan ta 4 0.014, ta 5 0.017 ko 0.018, ta 6 0.020 mara naɗi ko 0.022 mai naɗi, sai 0.026, 0.030, 0.034, 0.036 ko 0.038.

Hajiya Rabi:
Tunda an zo saiti, a faɗi na kunne. Wanda ya ɗaure duk tsirkiyoyi a tsakiyar allurar na'ura zai ji haɗin sautinsa yana rawa. Sauti na uku a haɗi, idan ana so ya kwanta lafiya, yana ƙasa da na na'ura da kusan kashi 14 cikin 100 na rabin mataki. Don haka G# da C# ana ɗan sauke su. Ba lallai a kai 14 ba, da yawa suna tsayawa a 8 zuwa 10 don kada su yi faɗa da fiyano. Sannan idan aka taka A da B jikin jitar yana ɗan lotsawa, E tana sauka kaɗan, shi ya sa wasu suke ɗaure E da fedar a ƙasa.

Bayan wannan sauran aikin na ƙarfen hannu ne. Layukan da ke jikin jitar zane ne kawai, tsirkiya ba ta taɓa su, kamar dai mai goge da ba shi da abin dogara sai kunnensa. Ƙarfen da aka fi amfani da shi kaurinsa 7/8 na inci ne. A ɗora shi daidai saman layi, a miƙe, yatsu biyu na baya suna kwance a kan tsirkiya don kashe ƙarar bayan ƙarfe. Daga layi na 12 zuwa sama ido yana ruɗi saboda ana kallo daga gefe. A salon Mooney kuskuren nan ba ya ɓuya, don ba ya lulluɓe sauti da karkarwar ƙarfe mai faɗi.

Sani Mai Jita:
Ƙari kan notin roba, don nan ne sababbi suke ɓata jita. A jita mai ja zalla, tsirkiya a sake ana ɗaure ta a maɗauri na hagu, abin da feda take bayarwa kuma ana saita shi a notin roba na gefen dama da ƙaramin sifana. Idan aka yi ta ɗaure notin har ya fara tura yatsan canji tun ba a taka feda ba, tsirkiyar ba za ta koma wurinta ba, kuma duk gyaran da aka yi a maɗauri sai ya ɓata na fedar. In haka ta faru, kwance notin har ya saki gaba ɗaya, ɗaure tsirkiya a sake, sannan ka dawo da notin a hankali. In ya ƙare bai kai sautin ba, tafiyar fedar za a ƙara daga ƙasan jitar. Jitar Emmons ta asali mai turawa da ja tsarinta daban ne, kada a yi mata wannan.

Malam Isufu:
Wanda ya sayi ta hannu ya duba jerin fedar kafin ya bi darasin Hajiya. Asali Bud Isaacs feda ɗaya ya yi amfani da ita a "Slowly" ta Webb Pierce, wadda ta yi tashe a 1954, tana jan tsirkiya biyu lokaci guda. Emmons da Jimmy Day suka raba ta biyu, kowa ta nasa gefen. A tsarin Emmons daga hagu A, B, C. A tsarin Day C, B, A. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma karkatar ƙafar za ta juya.

Zainab:
In koma kan kiɗan, akwai abin da ba a faɗa ba game da shekarun Waylon. Tafiyar Waylon ba ɗingishin Ray Price ba ce. Bes da babbar ganga suna dukan ƙasa da nauyi, jitarsa ta hannu, Telecaster, tana da nata kaurin, kuma sau da yawa waƙar tana daɗewa a kan haɗin sauti ɗaya. Mai feda da ya saba da zuba dogayen haɗi a bayan mawaƙi zai cika wurin da laka. Mooney yana shiga da gajerun jimloli a saman, tsirkiya ɗaya ko biyu, inda ba kowa, ya fita. A "Honky Tonk Heroes" na 1973 da "Dreaming My Dreams" na 1975 ku lura da yawan zangon da ba ya kaɗa komai. Ga mai koyo: ɗauki waƙa ɗaya, ka hana kanka taɓa tsirkiya muddin mawaƙi yana furta kalma. Baiti na farko ma ka bar shi gaba ɗaya ga wani. Ka shiga a amshi, jimlarka kada ta wuce bugu 4, kuma ta ƙare kafin numfashin mawaƙi na gaba.

Wanda yake son jin sa ba murya a kai, akwai faifan da suka yi da James Burton, mai jitar Telecaster, a Capitol a ƙarshen shekarun 1960, "Corn Pickin' and Slick Slidin'". A can za a ji yadda jimlolinsa suke kama da na Telecaster, suna miƙa wa juna.

Malam Habu:
Kuma kada a ɗauka abin ya yi mana nisa. Jita mai feda ta shiga kiɗan juju ta hannun Demola Adepoju a ƙungiyar King Sunny Ade, shi ne kuma ya kaɗa ta a waƙar "Graceland" ta Paul Simon a 1986. Salonsa daban ne da na Mooney, amma shi ma ya gane cewa a cikin ganguna da yawa gajeren layi mai tsabta ne yake fita.

Ɗanlami:
To ga wanda ya samu jitar a nan ƙasar, da ƙura da zafi, me zai kiyaye?

Injiniya Bala:
Wuta tukuna. Amfilifaya da aka yi don kasuwar Amurka, ko Fender ko Peavey Nashville, ta volt 120 ce, tamu kuwa 230. Sai da taransifoma mai saukarwa, kuma ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a bayan amfilifayar. A sa sitabilaiza a gaba.

Ƙura kuma, lokacin hunturu a rufe jitar da zane duk sanda aka tashi. Mai kaɗan ake sawa, irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya tsakanin yatsun canji da ɗigo ɗaya a kan ƙananan tayoyin da tsirkiya take bi ta kansu a gefen maɗauri, sannan a goge abin da ya fito. Giris ko mai da yawa yana kama ƙura ya zama taɓo, feda ta fara jinkirin dawowa. Idan tsirkiya ta 4 tana dawowa sama da E bayan an sauke ta da liba, duba tayarta, yawanci ta daina juyawa ne. Sassauta tsirkiyar, juya tayar da yatsa, sa mata mai. Idan kuma tana dawowa ƙasa da E, sifirin mayarwa ne ya yi sanyi, a ƙara masa rabin juyi a gwada, kada a wuce haka lokaci guda don liban zai yi tauri. Jita ta shigo daga rana, a ba ta minti 15 zuwa 20 ta huce kafin a ɗaure, in ba haka ba za a ɗaure sau biyu. Tsirkiya ta 3 kuwa a yi odarta dozin guda daban, don ba a cika samun 0.011 mai jure wannan jan a shagunan kayan kiɗa na kusa ba.